Ƙaya ɗaya, zafi biyu: yadda jiki ke sanar da mu ciwo

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, don waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

A kakar bara na je taya kawuna girbin masara a wani ƙauye a ƙasar Faskari. Ina cikin tafiya a gona sai na taka ƙayar aduwa, ta huda silifas ta shige dunduniya. Kafin in san me ya faru, ƙafar ta riga ta ɗaga kanta. Sai na ji suka mai kaifi, caraf. Bayan kamar sakan ɗaya kuma wani raɗaɗi na daban ya biyo baya, mai zugi, ya ƙi tafiya. To me ya sa ƙaya ɗaya ta ba ni zafi biyu?

Mu Hausawa hanyar jini ma jijiya muke ce mata, amma yau maganar jijiyoyin saƙo muke yi. A cikinsu akwai waɗanda aikinsu kawai gano abin da zai yi wa jiki lahani: suka, ƙuna, matsa mai tsanani, ko guba. Sunansu nosisefta, daga kalmar da masani Charles Sherrington na Ingila ya ƙirƙiro a 1906. Bakinsu yana cikin fata, tsoka, gaɓoɓi da kayan ciki, ɗaya ƙarshen kuma yana cikin laka, wadda ke tsakiyar ƙashin baya.

Iri biyu ne manya. Na farko suna da rufi mai kitse, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, saƙonsu yana gudun mita 5 zuwa 30 a sakan. Su suka kawo min sukar farko. Na biyu sirara ne, ba rufi, gudunsu bai wuce mita 2 a sakan ba. Daga dunduniya zuwa laka kusan mita ɗaya ne, shi ya sa zugin ya makara. Ɗaga ƙafar kuwa laka ce ta ba da umarni, ba ta jira ƙwaƙwalwa ba. Sai saƙo ya isa ƙwaƙwalwa sannan ya zama abin da muke kira zafi.

Ta yaya bakin jijiyar ke gane haɗari? Yana da 'yan ƙofofi ƙanana. Ɗaya daga ciki, TRPV1, tana buɗewa in ɗumi ya kai wajen digiri 43. Abin mamaki, sinadarin da ke cikin barkono da attarugu shi ma wannan ƙofar yake buɗewa. Wato in yaji ya kama ka, bakinka bai ƙone ba, jijiyar ce aka ruɗa. David Julius na Amurka ne ya gano ƙofar a 1997, ya kuma samu kyautar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian. Man Robb kuma ƙofar sanyi yake taɓawa.

Washegari dunduniyata ta kumbura, ko ɗan taɓawa ba na so. Dalili shi ne naman da ya ji rauni yana fitar da sinadarai da ke sa jijiyoyin wurin su riƙa ihu a kan abu kaɗan, don ka bar wurin ya warke. Ibuprofen da diclofenac wasu daga cikin sinadaran nan suke hana jiki haɗawa. Mulmula wurin da ka buge ma yana taimakawa, saboda saƙon shafa yana rage wa saƙon zafi hanya a cikin laka. Ronald Melzack da Patrick Wall suka yi wannan bayanin a 1965.

Wani zai ce, ina ma a ce ba a jin zafi gaba ɗaya. Ka tambayi waɗanda suka yi jinyar kuturta a Babbar Ruga, kusa da Katsina. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Indiya, ya nuna cewa yawancin yatsun da kutare ke rasawa ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba. Jijiyoyin ne suka mutu, sai mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, ciwon ya ruɓe. Haka ciwon suga ke yi wa ƙafa. In akwai mai suga a gidanku, a riƙa duba masa tafin ƙafa kullum da dare.

Yanzu ga inda nake son mu tsaya, musamman matasan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa masu ƙwadagon noma. Kowa ya san akwai masu haɗiyar Tiramol kafin su kama fartanya, wai don kada su ji gajiya. Tiramol ba ya gyara komai a bayanka ko gwiwarka. A laka da ƙwaƙwalwa yake danne saƙon, alhali jijiyoyin suna ta kira, kai kuma kana ƙara wa wurin rauni. Ga shi jiki yana sabawa da shi, in an sha da yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana iya danne numfashi. Diclofenac ɗin ma, in aka mayar da shi abin sha kullum, yana jawo olsa, yana taɓa ƙoda.

Ba cewa nake a zauna da ciwo don nuna jarumta ba. Mai sikila ko wanda ya karye yana buƙatar magani mai ƙarfi, a hannun likita. Akwai kuma lokacin da jijiyar da kanta ke lalacewa, ta yi ta aika saƙo bayan rauni ya warke, wannan ma maganinsa daban ne. Abin da nake roƙo shi ne, zafin da ya ƙi tafiya ko yake ta dawowa, ko wurin da ya daina jin taɓawa, a kai shi asibiti a nemi dalili kafin a nemi ƙwaya.

Ni dai bana takalmin roba zan sa in je gonar kawu. Mu haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.