Abin da Jiki Ke Faɗa a Gaban Taro

Mai jawabi yakan fara isar da saƙo tun kafin ya buɗe baki. Yadda ya taho gaban lasifika, yadda ya tsaya, inda ya kai dubansa, da abin da ya yi da hannayensa, duk masu sauraro suna lura da su, kuma da su suke auna ko maganar da ke tafe abar yarda ce. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Aikin jiki a wurin jawabi shi ne gaskata abin da baki ya furta. Idan biyun suka saɓa, jama'a sukan fi yarda da jiki.

Misalin da aka fi kawowa shi ne muhawarar 'yan takarar shugabancin Amurka da aka yi a Chicago ranar 26 ga Satumba, 1960, wadda ita ce irinta ta farko da aka nuna a talabijin. Richard Nixon bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, inda ya yi jinyar ciwon gwiwa. Ya rame, ya ƙi yarda a yi masa kwalliyar da ake yi wa masu shiga gaban kyamara, ya kuma sa kwat mai ruwan toka wadda ta saje da bangon da ke bayansa. Zufa ta riƙa tsattsafo masa, kuma sau da yawa abokin karawarsa yake kallo. Shi kuwa John Kennedy ya sa kwat mai duhu, ya dubi kyamara kai tsaye, kamar da kowane mai kallo yake magana a cikin ɗakinsa. Mutane fiye da miliyan 60 suka kalli muhawarar, Kennedy kuma ya ci zaɓen da ratar ƙuri'u ƙasa da 120,000. Ba muhawarar kaɗai ta kawo wannan sakamako ba, amma tun daga ranar 'yan siyasa suka daina raina shigarsu da tsayuwarsu. A 1992 ma an ga George Bush babba yana duba agogonsa ana tsakiyar muhawara, aka fassara hakan da ƙosawa da tambayoyin jama'a.

Sai dai an zuzuta lamarin har ya wuce gona da iri. Masu horar da mutane kan jawabi sukan ce kalmomi kashi 7 cikin 100 kawai suke ɗauka na saƙo, murya 38, fuska 55. Alƙaluman sun fito ne daga gwaje-gwajen da wani mai bincike, Albert Mehrabian, ya yi a 1967, inda ake furta kalma ɗaya tak, a tambayi mai sauraro ko mai furta ta yana nuna so ko ƙi. Mehrabian da kansa ya ja kunne cewa lissafin bai shafi kowace irin magana ba. Wanda bai shirya abin faɗa ba, ɗaga hannu ba zai cece shi ba.

Ido ne ya fi komai aiki. Gwani yakan tsayar da dubansa kan mutum ɗaya har ya kai ƙarshen jimla, sannan ya koma wani ɓangare, ba tare da ya manta da na baya da na gefe ba. Wanda ya kafa wa takarda ido kuwa, nan da nan sai a fara hira a bayan zaure.

A nan al'ada take shigowa. Littattafan Turawa sun ɗauki haɗa ido alamar gaskiya, amma a ƙasar Hausa yaron da ya zuba wa dattijo ido ana iya ce masa marar kunya. Matashin da ke jawabi gaban sarki ko malamansa yakan rusuna, ya sassauta kallo lokacin gaisuwa, sannan ya ɗago ya fuskanci jama'a idan ya shiga magana. Nuna babba da yatsa, ko yin ishara da hannun hagu, na iya ɓata jawabin da aka kwana ana shiryawa.

Hannu yana da amfani ne idan yana tafiya da ma'ana: ƙirga dalilai da yatsu, nuna girman abu, buɗe tafi wajen roƙo. Wasa da biro, gyara hula ko naɗe hannun riga ba ƙaƙƙautawa, duk fargaba suke tonawa. Ƙafafu su kafu, a taka kawai idan za a shiga sabon batu. Ɗan shiru kafin muhimmiyar magana ya fi ɗaga murya jan hankali, kuma yana ba mai jawabi damar numfasawa.

Yawancin waɗannan ɗabi'u mai su bai san yana yi ba. Shi ya sa masu koyarwa kan ba da shawarar mutum ya ɗauki kansa a bidiyon waya yana gwada jawabin, sannan ya kashe sauti ya kalla. A nan ne lanƙwasa kafaɗa, kaɗa ƙafa da ɗaure fuska suke fitowa fili. Gyara su ɗaya bayan ɗaya ya fi haddace motsi, domin motsin da aka haddace yakan zo kafin kalmar ko bayanta, kuma masu kallo suna ganewa.