Bayan Likita Ya Ce a Mayar da Shi Gida

Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho a ƙasar Tambuwal ko Kebbe ya san yadda tafiyar take. A fara da kemis na bakin kasuwa, a je asibitin gari, a wuce babban asibitin Tambuwal ko na Dogon Daji, daga nan a rubuta takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 100 daga Tambuwal. Mutumin Kuchi ko Margai kuwa sai ya haɗa da wahalar fitowa bakin titi da fargabar hanya. Kafin a isa an sayar da akuya, an taɓa hatsin rumbu. Bayan gwaje-gwaje, likita ya ja babban ɗa gefe ya ce ciwon ya ci jiki, a mayar da Baba gida a ci gaba da addu'a.

Addu'a kam babu mai raina ta. Amma Baba zai koma gida ne da ciwonsa, watakila ya yi wata uku ko shida yana nishi, ba ya barci, mutanen gida ma ba sa yi. Waɗannan watannin su ne aka bari babu mai kula da su, alhali akwai fannin likitanci guda da aka gina dominsu: jinyar sassauta wahala, wadda aikinta rage raɗaɗi da sauran azabar ciwon da ba ya warkewa, ko ciwon daji ne, ko na ƙoda, ko na zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki.

Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta yi aikin nas kafin ta zama likita, ita ce ta buɗe gidan irin wannan jinya na St Christopher a Landan a 1967, ta haɗa kula da marasa lafiya da bincike da koyarwa. Abin da ta lura da shi ba baƙo ba ne ga Bahaushe: azabar mai ciwon ajali ba ta tsaya a jiki ba. Akwai tunanin iyalin da zai bari, akwai bashin da ke wuyansa, akwai tsoron haɗuwa da Ubangiji. Idan aka magance guda aka bar saura, mutum bai huta ba.

Da daɗewa likitoci da yawa na ɗaukar wannan jinya a matsayin sallamawa, abin da ake yi idan an rasa abin yi. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya girgiza wannan tunani. Dakta Jennifer Temel da abokan aikinta a birnin Boston na Amurka sun ɗauki mutum 151 masu ciwon dajin huhu wanda ya riga ya bazu, suka raba su biyu. Rukuni ɗaya aka ba su maganin daji kamar yadda aka saba. Ɗaya rukunin kuma aka haɗa musu da jinyar sassauta wahala tun farkon gano ciwon. Na biyun sun fi jin daɗin rayuwarsu, baƙin ciki mai tsanani ya fi ƙaranci a cikinsu, kuma, abin mamaki, sun fi daɗewa a duniya: matsakaicinsu wata 11.6, na ɗaya rukunin wata 8.9. Rai dai a hannun Allah yake, amma binciken ya rushe zargin cewa rage wa mutum raɗaɗi gaggauta masa tafiya ne.

Maganar raɗaɗi ita ce gaba. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku. Ciwo mai sauƙi a ba da irin su farasitamol. Idan ya ƙi, a hau zuwa masu matsakaicin ƙarfi. Idan ya tsananta, a ba da mofin. Sharaɗin shi ne a sha ta baki, kuma a kan lokaci, ba sai mutum ya fara ihu ba. Ruwan mofin ana ba da shi duk bayan awa huɗu, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa har ciwon ya kwanta, a haɗa da maganin sassauta ciki domin yana ƙulle bayan gida. Ba magani ne mai tsada ba. Duk da haka, wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ruwaito a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rabawa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan jinya duk shekara, kusan kashi 14 cikin 100 kawai ke samu.

A Arewa muna da dalilin jin tsoron waɗannan magunguna. Mun ga abin da kodin da taramol suka yi wa samari da matan aure, har gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Tsoron yana kan hanya. Sai dai abin takaici, yaron da ke neman maye bai rasa inda zai samu ba, tsohuwar da ciwon dajin mama ya cinye wa ƙirji ita ce ta rasa. A ganina wannan ba tsantseni ba ne, gazawa ce. Maganin da aka rubuta, aka ƙidaya, aka shigar a littafi, nas ta san gidan da ya shiga, ba shi ne ke lalata matasa ba.

Yuganda ta nuna ana iyawa. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Nijeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda, ta kawo dabarar dama garin mofin da ruwa a zuba a kwalba, mai jinya ya riƙa aunawa a gida. A 2004 ƙasar ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, saboda ƙauyuka ba su da likita. A jihar Kerala ta Indiya kuma maƙwabta ne 'yan sa-kai ke zagayawa gidajen marasa lafiya, nas na biye da su. Mu da zuwa dubiya ya zama mana ibada, ba mu da uzurin cewa wannan ya fi ƙarfinmu.

Likitancin tsofaffi ɗan'uwan wannan fanni ne, amma ba abu ɗaya ba ne, domin ba kowane tsoho ne ke kan gargara ba. A 1935 aka danƙa wa Dakta Marjory Warren ɗaruruwan tsofaffi a wani asibiti a yammacin Landan, waɗanda aka riga aka yanke ƙauna da su. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta duba, ta gano da yawansu suna da cutar da ake iya magancewa, ta tayar da su daga gado, wasu har suka koma gidajensu. Darasin yana nan har yau: "tsufa ne" ba sunan cuta ba ne. Tsohon da jiya yake lafiya lau, yau ya tashi yana sambatu, bai gane jikokinsa ba, kada a yi saurin cewa gigin tsufa ne ko iska. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta zo dare ɗaya sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko fitsari ya toshe, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, ko sukari ya faɗi, ko wani magani da aka ba shi. Duk ana magance su idan an kai shi da wuri.

A duba ledar magungunan da ke ƙarƙashin matashin kowace tsohuwa. Na hawan jini daga asibiti, na ciwon gwiwa daga kemis, wani na ciwon jiki da jika ya sayo a tasha, ga jiƙo a kwano. Sau da yawa biyu ko uku daga ciki abu ɗaya ne da suna daban. Irin su diklofenak da ibuprofen, idan aka daɗe ana sha, suna ƙwaƙule ciki, suna raunana ƙoda, suna tayar da hawan jini, kuma ƙodar ɗan shekara 75 ba ta tace magani kamar ta ɗan 30. Duk ranar zuwa asibiti a tafi da ledar gaba ɗaya, a zazzage ta gaban likita.

Wanda ya kwanta ba ya iya juyawa kuwa, babban maƙiyinsa gyambon kwanciya. Yana farawa ne da ɗan duhu ko ja a ƙugu, ko ƙashin gindi, ko diddige, wurin ya yi ɗumi. A riƙa juya shi kamar duk bayan awa biyu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗaga diddige daga shimfiɗa, a canja zanen da ya jiƙe nan take. Idan ya daina karɓar abinci a kwanakin ƙarshe, kada a yi masa ɗure da kunu, domin yana iya sarƙewa ya shiga huhu. A jiƙa masa leɓe da tsumma mai tsabta, a shafa man kaɗanya. Matan gida ne ke wannan aiki dare da rana, kuma da wuya a sami wanda ya zauna ya koya musu.

A nan ne maganar ta koma kan makarantu. Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen jinyar sassauta wahala a 2007, bisa jajircewar Farfesa Olaitan Soyannwo, ya kuma buɗe cibiyar tsofaffi ta Cif Tony Anenih a 2012, ta farko a ƙasar nan. A 2014 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su sa wannan jinya cikin kiwon lafiya matakin farko da kuma manhajar horar da ma'aikata. Ɗalibin likita yana shafe shekara shida yana koyon gano cuta da warkar da ita, amma zama da iyali a faɗa musu magana mai nauyi shi ma darasi ne da ake koyarwa, har a yi jarrabawa a kai. Mun saba ɓoye wa maras lafiya halin da yake ciki don tausayi. Sai dai dattijon da ke da wasiyyar da zai bari, da bashin da zai biya, da wanda zai nemi yafiyarsa, yana da haƙƙin a tambaye shi ko yana son ya sani, a faɗa masa gwargwadon abin da ya nema.

Ƙwararren likitan tsofaffi ba zai tare a Kebbe gobe ba. Waɗanda za su shiga gidajen su ne 'yan kwalejin aikin jinya da ke Tambuwal da ma'aikatan lafiya da ake yayewa a Gwadabawa. Su ya kamata a fara koya wa auna raɗaɗi, da gane ruɗewar tsoho, da horar da masu jinya. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato ta tanadi ruwan mofin a manyan asibitocin Tambuwal da Kebbe ƙarƙashin kulawar mai harhaɗa magani, Hukumar Zakka da Waƙafi kuma ta sa masu doguwar jinya a gida cikin lissafinta. Kai kuma mai karatu, ranar da aka ce ka mayar da naka gida, kada ka fita daga ofishin likita sai ka tambayi abin da za a ba shi idan ciwon ya tashi da dare, da wanda za ka kira.