Baitulmali Da Makaranta: Darasin Ruwan Kainji A Ƙasar Yawuri

Kowace makarantar firamare iyayen gida biyu gare ta. Na ɗaya shi ne mai riƙe da baitulmali da ƙasa, watau En'e a zamanin da, ƙaramar hukuma a yau. Na biyu shi ne mai riƙe da malamai da yara da littattafai, watau hukumar ilmi. In sun haɗa kai, makaranta ta zauna da gindinta. In kuwa kowa ya kama gabansa, sai iska ta yaye rufin aji ya yi damina biyu a buɗe, wannan na cewa aikin wancan ne, wancan na cewa ba a ba shi kuɗi ba. Mu da aikinmu ke tsakanin ofis da aji, muna ganin babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar ƙasar Yawuri, inda ruwa ya taɓa ta da garuruwa daga mazauninsu.

Asalin Rabon Aiki

A zamanin En'e, makarantun elementare nata ne. Ita ke ba da fili, ta gina, ta biya malamai daga baitulmali, Gwamnatin Jihar Arewa kuwa ta ba da gudummawa, ta aiko masu duba aikin koyarwa. Kowace shekara Ma'aji da majalisar Sarki sukan tsara kiyasin kuɗi, a kai wa Razdan na Lardin Sakkwato ya duba. Yawuri ta yi dace a nan, domin Sarki Abdullahi, wanda ya yi sarauta daga 1923 zuwa 1955, ya yi aikin malanta kafin a naɗa shi, sabo da haka ya san abin da aji ke bukata.

Amma ba kowace ƙasa ke samun sarki malami ba, kuma ba a dogara aikin jama'a ga halin mutum ɗaya. Da makarantu suka yawaita, sai Gwamnati ta gayyato wani masanin tsarin ilmi daga Ingila, Mista Oldman, a 1961, ya bincika yadda ake gudanar da makarantun firamare da yadda ake biyan kuɗinsu. Bisa shawararsa aka yi Dokar Ilmi ta 1962, wadda ta buɗe hanyar kafa hukumomin ilmi a ƙasashen En'e. Daga nan aiki ya rabu: kuɗi da fili a hannu ɗaya, shirin makarantu a wani hannun.

Da Ruwa Ya Zo

Ba a jima da wannan ba aka fara ginin madatsar Kainji a kan kogin Kwara a 1964, aka gama a 1968. Tafkin da ya taru ya fi kilomita 130 a tsawo, ya kai har Yelwa, hedkwatar masarautar. Mutane wajen 44,000 aka tasa a ƙasashen Yawuri da Borgu da Kwantagora. Tsohon garin Busa ya nutse ɗungum. Gungawa, masu noman albasa a tsibiran kogi, da Kambari da sauran mazauna bakin ruwa, aka mai da su sababbin garuruwa a tudu. Da fari diyya ta kuɗi aka riƙa biya don kowa ya gina nasa, daga baya hukumar madatsar ta koma gina wa mutane gidajen da kanta.

To, a nan darasin yake. Duk wanda zai biya diyya, ko zai gina madadin abin da ruwa zai ci, tambaya uku yake yi: Mene ne a wurin? Na wane ne? Wa zai karɓi sabon? Mai gona ya san gonarsa, mai gida ya san gidansa. Amma ginin jama'a, irin su makaranta da gidan malami da rijiya, in ba a rubuce suke ba, ba su da mai tsaya musu. Har wa yau, gini aikin sau ɗaya ne, riƙo kuwa na kowace shekara ne. Hukumar da ta gina takan gama ta tafi, nauyin gyara da albashi da alli ya faɗo kan baitulmali. Sa'an nan ga haɗa ƙananan ƙauyuka wuri guda, wanda ke canja yawan yaran da kowace makaranta za ta ɗauka. Wannan lissafi malamai ke da shi, ba Ma'aji ba. Kuɗin kuwa Ma'aji ke da su, ba malamai ba.

Halin Da Ake Ciki

Sunaye sun canja, matsalar ba ta canja ba. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e, a shekarar kuma aka fara shirin ilmin firamare ga kowa. An yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, masarautar Yawuri kuwa ƙananan hukumomi uku ne: Yawuri, Ngaski da Shanga. Tsarin Mulki na 1999 ya sa wa ƙaramar hukuma hannu a cikin samar da ilmin firamare da kula da shi. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, amma jiha ba ta cin gajiyar kuɗin gini sai ta ajiye nata rabin. A 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ashe ke nan zaman shawara tsakanin majalisa da hukumar ilmi ya ƙara zama wajibi.

Abin Da Ya Kamata

Na farko, a zauna kan kiyasi da wuri. Shekarar kuɗi tana farawa a Janairu, shekarar karatu a Satumba. In sakataren ilmi bai kai yawan yara da bukatar malamai gaban majalisa kafin a rufe kiyasi ba, yaran da za a ɗauka a Satumba za su tarar da ajin da ba a yi musu tanadi ba.

Na biyu, a buɗe littafin dukiya guda ɗaya, kwafi a ofishin ƙaramar hukuma, kwafi a ofishin ilmi. A rubuta iyakar filin kowace makaranta, da yawan ɗakuna, da tebura, da shekarar gini. Dokar Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallakar fili a karkara. Me zai hana ta fara da filayen makarantunta? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, filin da ba shi da takarda kuwa kowace damina maƙwabci na ƙara kunya ɗaya a cikinsa.

Na uku, kada a yarda da sabon gini, ko daga wa ya fito, sai an rubuta wanda zai gyara shi da layin da kuɗin zai fito. Tun ran gini tun ran zane.

Na huɗu, a tuna da halin ƙasar. A bakin tafki, daga Yelwa zuwa Wara, akwai 'ya'yan masunta da ke bin iyayensu inda kifi ya yi, akwai kuma yaran da sai da jirgin ruwa suke isa aji. Tsaron makaranta ma ya shiga lissafi tun bayan abin baƙin cikin da ya auku a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a Yuni 2021, sa'ad da aka sace ɗalibai. Katanga da mai gadi da jirgi mai lafiya duk kuɗi ne, kuma ba za su shiga kiyasi ba sai wanda ya san wurin ya faɗa.

Ya ku akawuna, alƙalamin da kuke rubuta adadi da shi, shi ke rufe aji ko ya bar shi a buɗe. Ya ku malamai, lissafin yara da na kaya da ake nema a gare ku ba wahalar banza ba ce, shi ne hujjar makarantarku ranar da za a raba kuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu riƙe amanar 'ya'yan jama'a, amin.