Me ke faruwa idan aka matse roba cikin ɗan ƙanƙanin wuri?

Duk wanda ya taɓa ganin batirin wayarsa ya kumbura a zafin bazara ya san abin ba wasa ba ne. A cikin batirin akwai wani ruwa da ƙwayoyin litiyam masu ɗauke da caji ke bi daga wannan gefe zuwa wancan, kuma ruwan yana kama wuta. Shi ya sa masana suka daɗe suna neman roba ta maye gurbinsa.

A 1973 Peter Wright da abokan aikinsa a Sheffield ta Ingila suka gano cewa robar da ake kira PEO, in an gauraya ta da wani irin gishiri, ƙwayoyin caji na iya ratsa ta. Ku ɗauke ta kamar dafaffiyar taliya da ta harɗe a tukunya. Ƙwayar litiyam ba ta iya gaba sai zaren ya motsa, sannan ta saki wannan ta kama wancan. To, matsalar ita ce ƙasa da digiri 60 zaren sukan jeru su daskare, tafiya ta kusan tsayawa. Motocin haya na Bluecar da suka fara yawo a Paris a 2011 dole aka riƙa ɗumama batirinsu. Ko zafin Agadas bai kai nan ba!

A 1998 Bruno Scrosati da mutanensa a Rum suka zuba wa robar garin alumina, wanda ƙwayarsa 'yan nanomita ce kawai. Nanomita kuwa, sai an raba milimita gida miliyan a samu ɗaya. Zaren da ya shiga tsakanin waɗannan ƙwayoyi ba ya samun filin jeruwa, sai ya ci gaba da motsi, caji ya samu hanya.

Amma fa ƙuncin nan ba alheri ba ne zalla. Zaren da ke dab da jikin ƙwayar yakan manne mata, motsinsa ya ragu, kamar mai tafiya a lungun kasuwa da rigarsa ta maƙale a ƙusa. In kuma garin ya yi yawa, sai ya dunƙule ya toshe hanyar gaba ɗaya. A ganina nan aikin yake, kuma har yanzu masana na gardama kan wanne ya fi tasiri: hana daskarewar, ko abin da ke gudana a jikin ƙwayar.