Ranar da Sabis Ya Ɗauke: Tallan Fasaha a Idon Mai Rubuta Manhaja

Duk ranar da na je gida gaisuwa, sai an fito mini da wayar da ta faɗa ruwa ko rediyon da ya daina kamawa. Gwaggona ta riga ta baza wa unguwa cewa ɗanta injiniyan waya ne, saboda haka kowa gilashin wayarsa ya tsage ni yake jira. Alhali ni ko noti ban iya kwancewa ba. Sana'ata rubuta manhaja ce, wato jerin umarnin da ake tsara wa kwamfuta ko waya ta bi: in an danna nan ki yi kaza, in kuɗi ba su kai ba ki ƙi. WhatsApp manhaja ce, haka abin da ke cikin na'urar POS yana lissafa kuɗinka. Mai gyara yana kula da jikin na'ura, mu kuwa tarbiyyarta ce a hannunmu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ba a mako guda wani bai tare ni a bakin masallaci ko wurin mai shayi ya miƙo mini waya yana cewa, "Duba mini wannan sabon abu da ake talla, in shiga?" Na ga ya kamata in ba mutane mudun da nake awo da shi, kowa ya riƙa auna wa kansa.

Yinin mai rubuta manhaja

A hoton talla, mai irin aikina saurayi ne cikin ofis mai sanyi, yatsunsa na gudu a kan madannai, kafin ya shanye kofin shayi ya gama aiki. A Gummi kuwa, abin da nake fara dubawa bayan sallar asuba shi ne batirin sola, domin shi zai gaya mini sa'a nawa zan yi aiki yau. Wutar layi, wadda har yanzu muke kira ta Nepa ko da yake kamfanin rarraba wuta na Kaduna ke kawo ta, baƙuwa ce: in ta zo a yi mata maraba, amma ba a ɗora tukunya saboda ita. Da hunturu sai na hau na goge ƙura daga faifan sola. Da bazara kwamfutar kan yi zafi har in ɗora ta a kan murfin tukunya don iska ta ratsa ta ƙasa.

Layuka uku nake riƙe da su, wanda ya kawo sabis shi ne sarkin wannan sa'ar. Duk wani aiki mai nauyi da zan tura ko in sauke, sai na bari tsakar dare, lokacin da mutane suka kwanta hanya ta yi sauƙi. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, na koma auna data kamar yadda uwargida ke auna mai ranar da baƙi suka yi yawa.

Shi kansa aikin, rubutu ne kaɗan, farautar kuskure ce mai yawa. Waƙafi ɗaya da ya zauna inda bai kamata ba yakan cinye mini rabin yini. Sauran lokacin kuma na saurare ne: mai shago ya kira ya ce "abin nan naka ya ƙi", sai na yi ta lallashi da tambayoyi kafin in gano ashe yaronsa ne ya canza kwanan watan wayar.

Darasin da na koya a shagon magani

Akwai wani dattijo mai shagon magani da na taɓa yi wa manhajar lissafin kaya da bashi. Na tsara ta yadda aka koya mana, kuma yadda ake yabo a talla: komai ana ajiye shi a wata kwamfuta mai nisa, ana isa gare shi ta intanet. Ranar da na kai masa, baki har kunne na ce, "Alhaji, ko kana Makka za ka ga cinikin shagonka."

A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Gusau aka fara buɗe wa layi a farkon Oktoba, sauran jihar kuwa sai a ƙarshen Nuwamba aka sanar da ɗage dokar. A kwana na biyu da rufe layukan na leƙa shagon. Na tarar da wayar da na ɗora masa manhajar a kife kan kwalin sirinji, shi kuwa ya zaro tsohon littafinsa mai baƙin bango, ya ɗaure biro da zare, yana ƙoƙarin tuno wa da wa yake bi bashi. Duk bayanan wata biyar suna can inda hannu ba ya kaiwa.

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗana, ashe wagga aba taka in babu sabis makauniya ta?"

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, laifina ne."

Ya buga littafin da tafin hannu. "Wanga dai bai taɓa ce mini babu sabis ba."

Makonnin nan da babu waya babu intanet, a cikinsu na sake rubuta manhajar daga tushe. Na sa ta riƙa ajiye komai a cikin wayar kanta, in sabis ya samu ta aika kwafi waje, in bai samu ba ta ci gaba da aikinta. Na kuma sa mata hanyar fitar da jerin masu bashi a takarda duk ƙarshen mako. Tun daga ranar, tambayar farko da nake yi wa kowace fasaha ita ce: me za ki yi ranar da sabis ya ɗauke? Mai talla ranar biki yake nuna maka. Ingancin kaya kuwa sai ranar wuya ake saninsa.

Wanda aka yi wa ganga da wanda ya yi aiki

A ranar 25 ga Oktoban 2021 aka ƙaddamar da eNaira, kuɗin intanet na Babban Bankin Najeriya, da gagarumin biki a Abuja. Wani bincike na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ya fito a 2023 ya nuna cewa fiye da kashi 98 cikin ɗari na asusun da aka buɗe ba a taɓa su a mako. Da aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023, har Zamfara da Kaduna da Kogi suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. A wannan matsi, abin da mai nama da mai hatsi suka kama shi ne tiransifa ta OPay da Moniepoint da PalmPay, da yaron POS da ke zaune ƙarƙashin lema. Dalili a fili yake: kuɗi na shiga nan take, kuma in an sami matsala akwai mutum mai fuska da za ka je ka riƙe. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Haka labarin waya yake. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da itel da Infinix, ya mamaye kasuwar Afirka ne saboda ya kula da abin da ke damun mai saye: gurbin layi biyu, batir mai daɗewa, kyamarar da ke fitar da fuskar baƙin mutum, har da Hausa a cikin harsunan wayar. Mutumin Nasarawar Burkullu ko Daki Takwas da ke biyan kuɗi a shagon caji ya fi bukatar batirin kwana biyu a kan 5G, wadda MTN ya fara a 2022 a manyan birane. Ka sayi waya don an rubuta 5G a kwalinta, alhali ƙarfen sabis ɗin garinku bai san da zancen ba, ka biya kuɗin doki ne ka hau jaki.

Yanzu kuma kalmar da ke tashe ita ce ƙirƙirarriyar basira. Ina amfani da ita a aikina, tana rage mini wahala ƙwarai. Sai dai takan shirga kuskure da cikakken ƙarfin hali, kamar ɗan jagoran da bai san hanya ba amma ya ƙi tambaya. Duk abin da ta ba ni sai na bi shi layi-layi. Wanda ya ce maka za ta maye gurbin likita ko malamin makarantar garinku, tambaye shi me yake sayarwa.

Tallan da ke da ƙugiya a ciki

Akwai tallan da ƙarin gishiri ne kawai, akwai kuma wanda tarko ne. MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX, wadda ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda da sunan wai na'ura mai basira ce ke yin cinikin, ta rushe a Afrilun 2025. Suna ne ya canza, dabarar ɗaya ce: kuɗin na baya ake biyan na gaba, ranar da sababbin shiga suka ƙare sai a kulle ƙofa. Ku sani, lambar da kuke gani a fuskar waya tana hauhawa ba kuɗi ba ce. Ni da nake wannan sana'a zan iya rubuta shafin da zai nuna maka kana da naira miliyan goma kafin a kira la'asar.

A 2024 mun ga yadda samari suka duƙufa danna fuskar waya a wasan Hamster Kombat, suna ƙona data da kuɗin caji wata da watanni. Da aka raba ladan a ƙarshen Satumba, da yawa abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Waɗanda suka ci riba su ne mamallaka wasan, da suka tara miliyoyin idanu suna kallon tallansu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Manhajar da aka ba ka kyauta, wani ne ke biya, kuma abin da yake saye shi ne lokacinka da bayananka.

Ga kuma manhajojin bashi masu cewa "karɓi kuɗi cikin minti biyar". Kafin su ba ka, sai sun nemi izinin shiga lambobin da ke wayarka. Ranar da ka makara, surukinka da limamin unguwarku za su sami saƙon cewa kai ɓarawo ne. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fara dirar musu a 2022, kuma a Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Amma doka ba ta cikin ɗakinka lokacin da kake danna "na yarda".

Inda yayatawa ta ceci rai

Kada a ɗauka ina gaba da talla. Mutanen Anka da Bukkuyum sun san amfanin a ji kukanka a nesa. A 2010 aka gano gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Aka share gubar a wasu ƙauyuka, amma Bagega ta zauna jiran naira miliyan 850 da gwamnatin tarayya ta yi alkawari, likitocin ƙungiyar MSF kuwa ba su iya fara ba yara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar. Matasan ƙungiyar Follow The Money, su Hamzat Lawal, suka ɗauki maganar zuwa Twitter da Facebook da taken SaveBagega, tare da matsin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. A farkon 2013 aka saki kuɗi, aikin shara ya fara. Kayan aikin da ɗan damfara ke amfani da su, su ɗin ne dai. Bambancin shi ne, abin da aka faɗa game da Bagega kowa na iya zuwa ya gani da idonsa.

Mudun awo

Saboda haka, kafin ka sa kuɗinka ko lambar NIN ko BVN ɗinka a wani sabon abu, yi masa tambayoyin nan. Yana aiki in babu sabis ko wuta, in kuwa ba ya yi, me zan koma wa? Ta ina masu shi ke samun kuɗi? Me ya haɗa shi da lambobin wayata da hotunana? In ya lalace ko kuɗina suka maƙale, wa zan riƙe, kuma ina ofishinsa? Wa ya yi wata shida yana amfani da shi a garin nan, wanda ba a ba shi lada don ya jawo ni ba? Mai kayan kirki ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ce maka "yi sauri, yau za a rufe", ka bar shi ya rufe.

'Yan'uwana masu wannan sana'a, da ƙannenmu da ke koyo ta shirye-shirye irin su 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, mu ma da namu. Mu daina yi wa mutane romon baka da kalmomin da ba su sani ba. Mu gwada aikinmu a tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, a hannun wanda ajami ya fi iyawa, a wurin da sabis sanda ɗaya ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai mu zauna mu ji daga bakinsa tukuna.

Alhaji mai magani har yau yana amfani da manhajar da na sake masa, ya ma haɗa ni da abokansa biyu. Amma littafin nan mai baƙin bango yana nan a ƙarƙashin teburinsa, biro na lilo a jikin zare. Ban taɓa ce masa ya jefar ba, kuma ba zan ce ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, Ya raba mu da sayen abin da ba mu auna ba.