Fataucin Takin Yuriya A Duniya

Manomi yakan sayi buhun farin takin nan da ake kira yuriya, ya ga kuɗinsa ya hau, sai ya ɗora wa ɗan kasuwar garinsu laifi. Amma sau da yawa tushen abin yana can nesa. Ya kamata malaman makaranta da akawuna su san yadda cinikin nan yake tafiya, gama su ne talakawa sukan tambaya.

Ba haƙo yuriya ake yi ba, haɗa shi ake yi. Wani Bajamushe mai suna Haber ya gano a 1909 yadda za a ciro naitirojin daga iskar da muke shaƙa, watau abin da ke sa ganyen shuka ya yi kore shar. Sa'an nan Bosch ya sa aka kafa masana'anta ta fari a Jamus a 1913. A yau iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa ita ce babban abin haɗin, ita ce kuma makamashin. Saboda haka inda gas ke araha, nan yuriya ke araha.

Wannan ne ya raba ƙasashe gida biyu. Masu sayarwa su ne masu gas, kamar su Rasha, da Ƙatar, da Saudiyya, da Masar, da Iran. Masu saye kuwa su ne masu manyan gonaki, watau Indiya, da Birazil, da Amurka. Ƙasar Sin ta fi kowa yinsa, amma galibi da gawayin kwal take yi, kuma a gida take batar da yawancinsa. Abin da ke ƙetare teku bai kai sulusin wanda ake yi a duniya duka ba, amma shi ke yanke wa saura kuɗi.

An ga gaskiyar wannan ba da daɗewa ba. A 2021 gas ya yi tsada a Turai har waɗansu masana'antu suka tsai da aiki, Sin kuma ta ƙuntata fitar da nata. A Fabrairu 2022 da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, kowane manomi ya ji a jikinsa. Tan guda da bai kai dala 300 ba a 2020 ya haura dala 800.

Nijeriya tana cikin masu sayarwa yanzu. Kamfanin Indorama ya soma yin yuriya kusa da Fatakwal a 2016, an kuma buɗe masana'antar Ɗangote kusa da Ikko a 2022, wadda aka gina don ta yi tan miliyan 3 a shekara. Jirage suna ɗauka zuwa Birazil da Amurka. To, duk da haka manomin Funtuwa bai kuɓuta ba, domin mai hajja yakan dubi abin da za a ba shi a ƙetare kafin ya sallama a gida.

Shawara ita ce a tanadi taki tun da rani, kafin kowa ya ruga kasuwa. A riƙa haɗawa da takin gida. In an zuba yuriya kuma a rufe shi da ƙasa, gama wanda aka bari a fili ƙarfinsa yakan bi iska, kuɗin manomi ya tafi a banza.