Iyafis mara igiya: Yadda 'yan kasuwar kan iyaka za su rage asarar kayan da ake dawo masu da su

Duk wanda ya saba cin kasuwar Illela ranar Lahadi, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ba zai rasa cin karo da irin wannan taƙaddama a layin masu kayan waya ba. Mutum ya zo daga Birnin Ƙonni ko daga wajen Damagaram, ya ciro ɗan ƙaramin akwati daga aljihu ya ɗora a kan tebur, ya ce iyafis ɗin da aka sayar masa makon jiya ba ya yi, don haka a ba shi kuɗinsa. Mai kaya kuwa ya yi ta rantsuwa cewa sabo fil ya ba shi a cikin kwali. Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, ana ba wannan haƙuri ana ba wancan. Daga ƙarshe ko dai mai kaya ya canja masa wani, ya jefa na farkon cikin tarkacen da suka lalace, ko kuma mai saye ya koma garinsu a fusace yana shaida wa kowa cewa jabu ake sayarwa a rumfar wane.

Mu kanmu mun taɓa zama irin wannan mai saye. Mun sayi iyafis, muka je gida muka tarar kunnen hagu ba ya ɗaukar caji. Da kasuwa ta zagayo muka biya kuɗin mota muka koma da maganganu a bakinmu. Yaron shago ya karɓa ya juya shi, ya sa farce ya ɓare wata 'yar siririyar leda da kamfani ya manna a gindinsa, ya mayar da shi cikin akwatin, nan take fitila ta kama. Kunyar da muka ji ran nan ita ce ta sa muka bi diddigin wannan na'ura, kuma abin da muka fahimta shi ne, da yawa daga cikin waɗanda ake dawowa da su lafiyarsu lau, rashin sanin yadda ake haɗa su da waya ne kawai.

A kan iyaka wannan rashin sani ya fi tsada. Mai saye ba ɗan unguwa ba ne da zai leƙo da yamma, sai bayan mako guda ko fiye. Idan da sefa ya biya, kafin ya dawo canjin naira ya motsa, sai a buɗe sabuwar gardama a kan nawa za a mayar masa. Shi kuma dilan da aka saro kayan a wurinsa a Kano ko Legas ba kasafai yake karɓar abin da aka riga aka ɓare ba. Ke nan asarar a kan mai tebur take ƙarewa.

Mene ne Bluetooth?

Iyafis mara igiya, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira ekuter, yana magana da waya ne ta hanyar fasahar Bluetooth, wadda a bakin mutanenmu ta koma bulutut. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikinta a shekarar 1994, sannan a 1998 ya haɗa kai da kamfanonin Nokia da Intel da IBM da Toshiba domin a samu tsari guda da kowace na'ura za ta bi. An samo sunan daga laƙabin Sarki Harald na ƙasar Denmak, wanda ya yi mulki a ƙarni na 10, ake masa laƙabi da mai shuɗin haƙori, kuma ya yi suna wajen haɗa kan al'ummomin ƙasarsa. Kasuwar irin wannan iyafis ta buɗe sosai daga shekarar 2016, lokacin da kamfanin Apple ya fito da wayar iPhone 7 ba tare da ramin sa iyafis mai igiya ba.

A taƙaice dai ƙaramar rediyo ce. Kamar yadda kowace tasha take da zangonta, ita ma tana aiki a kan zangon gigahaz 2.4, kuma yawancin na kunne ba sa wuce nisan kamar mita 10. Abin da ya fi muhimmanci ɗan kasuwa ya riƙe shi ne, iyafis yana da ƙwaƙwalwa. Da zarar an haɗa shi da wata waya, to ya haddace ta, kuma duk lokacin da aka kunna shi ita zai fara nema.

Haɗin farko

Kafin komai a duba ko akwai leda a kan 'yan ƙarafan da ke gindin kowane kunne, a cire ta, sannan a yi masa caji har ya cika. Kunna iyafis daban, sa shi ya shiga neman sabuwar waya daban. Masu akwati galibi da an buɗe murfi ko an ciro su biyun suke fara nema. Masu maɓalli kuwa, irin na rataya a wuya ko na ɗorawa a ka, sai an danne maɓallin an riƙe har fitilar ta fara ƙyaftawa, sau da yawa ja da shuɗi bi da bi. Wanda ya danna ya saki da wuri, kunna shi kawai ya yi, waya ba za ta gan shi ba.

Daga nan sai a shiga saitin waya, a kunna Bluetooth, a nemi sabuwar na'ura, a zaɓi sunan da ya yi daidai da wanda ke jikin kwali. A wayar da aka saita da Turanci za a ga kalmar “Pair”, a ta Faransanci kuma “Associer”. Idan tsohon yayi ne ya nemi lamba, akasari 0000 ce ko 1234. A nan sai a yi hattara, domin a layin masu kayan waya ana iya ganin na'urori da dama masu suna iri ɗaya. Gara a matsa gefe, a kusantar da iyafis ɗin jikin wayar, don kada a kama na maƙwabci.

Matsalar waya biyu

Wannan ita ce babbar matsalarmu a kan iyaka. Mai kaya ya gwada iyafis da wayarsa don mai saye ya ji sauti, sannan ya miƙa masa. Mai saye ya yi ta nema a tasa wayar bai gani ba, alhali iyafis ɗin yana can manne da wayar mai kaya da ke cikin aljihu. Maganin wannan shi ne mai kaya ya kashe Bluetooth ɗinsa, ya kuma goge sunan iyafis ɗin daga wayarsa. Kalmar gogewar ita ce “Forget” ko “Unpair” da Turanci, “Oublier” ko “Dissocier” da Faransanci. Mafi sauƙi ma, tun farko a yi gwajin da wayar mai saye.

Haka kuma yawancinmu waya biyu muke riƙewa, ɗaya da layin Nijeriya, ɗaya da na Nijar. Mafi yawan iyafis masu sauƙin kuɗi waya ɗaya suke iya bi a lokaci guda. Idan yana kan wayar Nijeriya, aka kira ta Nijar, ba za a ji komai a kunne ba, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Sai an kashe Bluetooth ɗin ɗaya kafin ya koma ɗayar. Akwai masu iya riƙe waya biyu tare, kuma akan rubuta kalmar “Multipoint” a kwalinsu. Ya kamata mai kaya ya tambayi mai saye waya nawa yake da ita kafin ya zaɓar masa.

Idan kunne ɗaya ne ke yi

Kunnuwan biyu sai sun fara gane junansu kafin su gane waya, kuma wani lokaci sukan ɓace wa juna. A mayar da su cikin akwati, a rufe, a goge sunansu daga waya, a dakata kaɗan, sannan a ciro su tare a sake haɗawa. In abin ya ƙi, sai a mayar da su yadda suka fito daga kamfani. Kowane kamfani da tasa hanyar, amma galibi danne maɓallin akwati ne ko taɓa kunnuwan biyu a riƙe na daƙiƙa 10 zuwa 15. Bayanin yana cikin 'yar takardar da ke cikin kwali, don haka a riƙa gargaɗin mai saye kada ya yar da ita.

Idan sautin kunne ɗaya ne ya yi ƙasa, a duba ragar bakinsa. Dattin kunne da ƙurar hunturu suna toshe ta, haka ma 'yan ƙarafan caji. A share da busasshiyar auduga ko tsohon buroshin haƙori mai laushi. Kada a sa ruwa, kada a tsokana da allura.

Ya haɗu amma ba sauti

Da farko a ƙara murya a wayar da kuma a iyafis ɗin, domin a wasu wayoyi kowanne da nasa. Sannan a shiga sunan iyafis ɗin a cikin saiti, a tabbatar an kunna wurin kira da wurin kiɗa duka biyun. Wasu ƙananan wayoyi masu madannai kira kawai suke iya aikawa kunne, ba sa aika karatu ko waƙa, to wannan daga wayar ne.

Sau da yawa kuma sautin wani wuri ya tafi. Wayar da ta taɓa haɗuwa da sifikar shago ko rediyon mota, da ta kusance su za ta iya komawa kansu. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne ga ɗan kasuwa, domin saƙon muryar da dila ya aiko ta WhatsApp da farashin sari yana iya tashi a sifika a gaban masu saye. Kafin a buɗe irin wannan saƙo a duba a ga da wace na'ura wayar take haɗe.

Idan kuma yankewa yake yi, a tuna cewa Wi-Fi ma yana amfani da wannan zango, kuma a ranar kasuwa na'urori sun yi yawa a wuri ɗaya. Jikin mutum ma yana tare saƙon, haka bango da rumfar kwano. Sau tari ciro waya daga aljihun wando a mayar da ita na gaban riga ya isa. Batir idan ya yi ƙasa shi ma yana kawo yankewa.

Haɗawa da kwamfuta

Masu shagon tura karatu da finafinai da masu buga takardun fiton kaya su ma suna fama da wannan. A kwamfuta mai Windows 10 ko 11 ana shiga saiti, a je wurin Bluetooth, a danna “Add device”, ko “Ajouter un appareil” a ta Faransanci. Kafin nan a kashe Bluetooth ɗin waya, in ba haka ba iyafis zai gudu wurinta. Idan ya haɗu amma sauti na fita ta sifikar kwamfutar, a danna hoton sifika da ke ƙasa kusa da agogo, a zaɓi sunan iyafis ɗin. Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur ba su da Bluetooth sam, sai an sayo ɗan abin sokawa mai kama da filash. Har ila yau, idan aka shiga kira sautin kan ragu da kyau, saboda an buɗe makirfo, da an gama kuma zai dawo daidai.

Ajiyar kaya

Batirin da ke cikin waɗannan na'urori ba ya shiri da zafi. A yankinmu daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, amma sai ka ga an baje kaya a rana tun hantsi har la'asar. A bar kwali ɗaya ko biyu a kan tebur don talla, sauran a ajiye su a inuwa.

Daɗewa a sito ma illa ce, domin batir yana tsiyayewa ko ba a taɓa shi ba, kuma idan ya ƙare ƙarƙaf ya daɗe a haka yana iya ƙin tashi. Ba mu manta da rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ba, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wanda Nijeriya ba ta ɗage ba sai a Maris na 2024. A irin wannan yanayi atamfa za ta iya jira, amma kaya mai batir ba ya jira. Duk kayan da ya yi wata biyu zuwa uku a ajiye, a ciro shi a ba shi caji.

Wanda ya lalace da gaske

Ba muna cewa duk wanda aka dawo da shi lafiyayye ba ne, domin akwai jabu a kasuwa, kowa ya sani. Idan an yi caji, an share, an mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, an gwada da waya biyu daban-daban bai fito ba, to ya mutu. Haka wanda akwatinsa ya kumbura ko yake zafi sosai wajen caji, a daina amfani da shi nan take, kada kuma a jefa shi cikin wuta. A irin wannan hali haƙƙin mai saye ne a canja masa ba tare da jan rai ba.

Shawararmu ga masu kaya ita ce, kada a bar mai saye ya bar rumfa sai an ɓare leda a gabansa, an haɗa da wayarsa, ya ji kunnen dama da na hagu, an kira shi ya amsa, an kuma nuna masa wurin gogewa a yaren da wayarsa take. Duka wannan bai fi minti biyar ba. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma wanda ya koma Maraɗi ko Ƙonni da kaya mai aiki, shi ne zai rako ɗan'uwansa rumfarka kasuwa mai zuwa. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.